Gara ta cinye takardar hukuncin gonarmu: ta ina zan samo kwafi a kotu?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi a ƙasar Deba. Ya ce: "Baba, mahaifinmu ya yi shari'ar gona da maƙwabcinsa wajen 1993, alƙali ya ba shi gaskiya. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Da muka buɗe akwatinsa sai muka tarar gara ta cinye takardar hukuncin, saura ɗan gefe. Yanzu 'ya'yan wancan mutumin sun taso suna cewa gonar tasu ce. Ta ina zan fara neman kwafi, kuma za a ba ni tunda ba ni na yi shari'ar ba?"

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata makwancinsa. Za a ba ka. Kai magaji ne, abin da aka yi shari'a a kansa yanzu haƙƙinka ne, kuma a shekarun da na yi ina riƙe da rajistar kotu ban taɓa ganin dalilin hana magaji kwafin shari'ar mahaifinsa ba. Wahalar tana wani wurin: gano littafin da aka rubuta shari'ar a ciki, da sanin abin da za ka nema idan an gano shi. Mutane da yawa suna cin nasarar na farko, su yi sakaci da na biyu, su koma gida da takardar da ba za ta yi musu aiki a gaban alƙali ba.

Kafin komai, wannan ɗan gefen da gara ta bari kada ka yar da shi. Sa shi a leda, ka kai shi wurin haske ka duba. Idan saman takardar ne ya tsira, a nan ake rubuta sunan kotu da lambar ƙara. Idan ƙasan ne, akwai hatimi, kuma hatimin kotu yana ɗauke da sunanta da garin da take zama. Ko rabin hatimi ne zai iya rage maka tafiyar sati guda.

Ka cire ran cewa akwai wata kwamfuta a Gombe da za a buga sunan mahaifinka shari'ar 1993 ta fito. Shari'un wancan zamani da hannu aka rubuta su, a manyan littattafai masu kaurin bango, kuma littafin yana zama ne a kotun da ta saurari ƙarar. Alƙali yakan tafi, a kawo wani, rajistara ya yi ritaya, amma littafi ba ya bin kowa. Idan ka shiga siton irin waɗannan kotuna za ka gan su a jere a kan kanta ko a tare a ƙasa, an ɗaure wasu da igiya, an manna farar takarda a ƙashin bayan kowanne an rubuta shekara. Wasu takardar ta ɓalle, sai an buɗe an duba kwanan watan shafin farko. Ƙurar hunturu ta shekara talatin tana kansu. Wanda zai duba maka mutum ne mai hannu biyu da ido biyu, don haka duk abin da za ka ba shi da zai taƙaita masa bincike, kanka ka taimaka.

Wace kotu ce? Gonar ƙauye a 1993, kusan tabbas Kotun Yanki ce, wadda mutane ke kira kotun alƙali ko Eriya Kotu, ko kuma babbarta, wato Ofa Eriya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bar wa kotunan yanki hurumin filayen karkara da ake riƙe da su bisa al'ada, ta keɓe wa Babbar Kotun Jiha filayen da gwamna ya ba da takardar mallaka a kansu, irin na cikin birni. Majistare kuwa idan ya zauna a kan ƙarar da ba ta laifi ba, yawanci bashi ne da kuɗin haya da makamantansu. Saboda haka fara da kotun yankin da ƙauyenku yake ƙarƙashinta a wancan lokacin, ba wadda yake ƙarƙashinta yau ba. An buɗe sababbin kotuna da yawa tun daga lokacin, kuma sabuwar kotu ba ta gādon tsohon littafi sai in an kwaso an kawo mata. Jauron ƙauyenku ko wani dattijo da ya raka mahaifinka zai tuna garin da suka riƙa zuwa, ko da ya manta komai. Mutum yakan manta shekara, amma ba ya manta inda ya yi ta jeka-ka-dawo a kan keke.

A kotu littattafai iri biyu ne za su yi maka amfani. Akwai rajistar ƙararraki, inda ake shigar da kowace ƙara layi ɗaya: lamba, mai ƙara, wanda ake ƙara, abin da ake nema, rana. Sannan akwai littafin shari'a, inda aka rubuta abin da kowa ya faɗa a kowane zama. Da rajistar ake farawa, ita za ta ba da lamba da rana, su kuma su kai ka littafin shari'a. Ka sani shari'a ɗaya ba a jere take a wuri guda ba. Alƙali yana rubuta zaman yau, ya ɗage zuwa sati biyu, a tsakani shari'u goma sun shiga. Sai an bi ranakun ɗagewa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har a tsallaka zuwa littafi na biyu.

Sunaye kuwa sai ka yi hattara da su, musamman a ƙasarmu. Wanda gari ya sani da Buba, a littafi Abubakar ne. Manu Usman ne. Wani an rubuta shi da sunan mahaifinsa, wani da sunan ƙauyensa, wani da laƙabin sana'arsa. Ka rubuta duk sunayen da ake kiran mahaifinka da su, haka ma na abokin shari'arsa, ka kuma gano wane ne ya kai wani ƙara, domin sunan mai ƙara ne ke fara zuwa a rajista. Shekara kuma kada ka riƙe 1993 kamar ka gani a rubuce. Tambayi iyayenka mata: kafin zaɓen Abiola da Tofa ne ko bayansa? An riga an ba Gombe jiha, ko tukuna muna ƙarƙashin Bauchi? Wane yaro ne aka haifa a daminar? Da irin wannan na sha gano shekara. Ka ce a duba maka daga 1991 zuwa 1995, domin ranar shigar da ƙara daban, ranar hukunci daban, kuma lambar tana bin shekarar shigarwa ne.

Sai ka rubuta takardar nema zuwa ga rajistaran kotun. Ba ta bukatar lauya, ba ta bukatar dogon Turanci, a kotun yanki da Hausa ma ta wadatar. Ka faɗi sunanka, ka ce kai ɗan wane ne wanda ya rasu, ka kawo sunayen ɓangarorin biyu, abin da aka yi shari'a a kai, shekarun da kake zato, da dalilin nemanka. Ka haɗa da hoton katin shaidarka, da wata takarda da ke nuna rasuwar mahaifinka da alaƙarku, ko daga hakimi ko takardar rantsuwa. Ka yi kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka ka riƙe. Wannan kwafin shi ne abin da za ka nuna gaba idan aka yi ta ja maka rai.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kada ka rubuta cewa kana neman "takardar hukunci" kawai. Ka rubuta cewa kana neman cikakken bayanin shari'ar tun daga ranar da aka shigar da ƙara har ranar hukunci, tare da duk takardun da aka karɓa a matsayin shaida, da takardar mallaka idan kotun ta bayar, kuma duka a tabbatar da su.

Dalili shi ne, abin da kake so ka ce wa sabon alƙali shi ne an riga an yanke wannan magana, ba a sake ta. Doka ta yarda da haka, shari'ar da kotu mai hurumi ta gama ba a maimaita ta tsakanin mutanen nan ko magadansu a kan abu guda. Amma kai ne za ka nuna cewa mutanen su ne, kuma gonar ita ce. Hukuncin kotun yanki sau da yawa gajere ne, layi biyar ko shida: kotu ta tabbatar wa wane gonarsa, wanda bai yarda ba ya ɗaukaka ƙara cikin kwana 30. Wace gona? Amsar tana can baya, a da'awar mai ƙara, inda ya ce gabas ta yi iyaka da wane, yamma da burtali, kudu da rafi, arewa da wata kuka. Tana kuma cikin rahoton ranar da kotu ta je gonar ta gani da ido, ko ta tura wakilinta tare da jauro aka zaga iyaka. In ba ka da waɗannan shafuka, abokan shari'arka za su ce sun yarda an yi hukunci, amma a kan wata gona ce can daban, kuma ba ka da abin mayar musu.

Na ga wannan da idona. Wata baiwar Allah ta zo mini da takarda shafi ɗaya a naɗe cikin gefen mayafi, hukuncin da aka yi wa mijinta, tana riƙe da ita shekara da shekaru kamar zinariya. A can inda ake sabuwar shari'ar an ce mata takardar ba ta faɗi iyaka ba. Muka kwana biyu muna bin littafi, sai ga shi a zama na huɗu alƙalin ya rubuta da hannunsa cewa an je gona, an tsaya a gindin tsamiya, ɓangarorin biyu sun yarda ita ce iyakar arewa. Tsamiyar tana nan a tsaye. Layi biyu ne, amma su suka riƙe wa marayunta gonar.

Cikakken bayanin yana da wani amfani. A cikinsa ne ake ganin ko an bi ƙa'idar shari'a: wa aka ɗora wa kawo shaidu, shaidu nawa suka zo, an ba ɗaya ɓangaren damar sukar su, an yi rantsuwa ko ba a yi ba, an yi i'izari kafin hukunci, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana. Gara ka san ƙarfin takardarka da rauninta tun a gida, kafin lauyan wancan ɓangaren ya karanta maka su a gaban jama'a.

Sai maganar tabbatarwa, abin da ma'aikatan kotu da lauyoyi ke kira CTC. Hoton takarda da aka ɗauka a shagon bakin kotu ba shi ne kwafin kotu ba. Dokar Shaida ta 2011 ta sa bayanan kotu cikin takardun hukuma, kuma sashe na 104 ya faɗi yadda kwafinsu zai zama karɓaɓɓe: a biya kuɗin da doka ta sa, a rubuta a ƙasan kwafin cewa daidai yake da na asali, a sa kwanan wata, jami'in ya rubuta sunansa da muƙaminsa ya sa hannu, a buga hatimi idan ofishin mai hatimi ne. Kafin ka bar teburin rajistara ka bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. Abin da aka fi mantawa shi ne suna da kwanan wata: sai ka ga hatimi da sa hannu kamar tafiyar tsutsa, babu sunan mai shi. A Babbar Kotu wannan kaɗai ya isa lauya ya miƙe ya ce kada a karɓa. Ni nakan so a buga hatimi a kowane shafi, ba na ƙarshe kaɗai ba, domin kada gobe a ce an cusa wani shafi a tsakiya. Gaskiya ne kotunan yanki ba a ɗaure su da Dokar Shaida a ƙararrakin da ba na laifi ba kamar yadda aka ɗaure Babbar Kotu, amma shari'ar gona ba ka san inda za ta tsaya ba. Ka shirya takardarka don kotun sama tun yanzu.

Kuɗi kuwa rajistara ne zai lissafa, na bincike da na kwafi gwargwadon yawan shafuka da na tabbatarwa. Ka ce a rubuta lissafin a jikin takardar nemanka, ka biya, ka karɓi rasit na gwamnati, a kuma rubuta lambar rasit ɗin kusa da hatimi. Wannan ba tsaurin kai ba ne. Kotun Ƙoli ta faɗa a 2011, a shari'ar Tabik Investment da bankin GTB, cewa biyan kuɗin yana cikin sharuɗɗan tabbatarwa. Wanda ya ce maka kawo kaza a hannu zai fito maka da ita yau ba sai an yanki rasit ba, ya cuce ka sau biyu: ya ci kuɗinka, ya ba ka takarda mai rauni. Abin yana ci mini rai, domin talakan da ya sayar da akuya ya zo shi ne ya fi faɗawa wannan rami.

Tsohon littafi ba kasafai ake iya ɗaukar hotonsa ya fito ba, tawadar ta koɗe, don haka yawanci bugawa ake yi daga rubutun hannu. Mai bugawa kuma ɗan Adam ne, yana karanta hannun alƙalin da bai taɓa gani ba. Ka roƙi a buɗe littafin a gabanka, ko gaban wanda ka amince da karatunsa, a gwada sunaye da iyakoki da ranaku. Gabas takan koma yamma a hannun mai bugawa. Gyara kafin hatimi minti biyar ne, bayan hatimi kuwa sabon aiki ne. Idan kuma bayanin da Hausa yake, alhali shari'arku ta kai Babbar Kotu, to harshenta Turanci ne: sai an fassara, a miƙa na Hausar da fassarar tare. Ka tambayi rajistara yadda ake samun fassarar da kotu ta tabbatar, kada ka ba ɗalibin unguwa ya yi maka.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, ita kuwa dole a yi ta: bayan hukuncin, wancan mutumin ya ɗaukaka ƙara? 'Ya'ya sukan san ranar da uba ya dawo da murna, ba su san abin da ya biyo baya ba. Idan an ɗaukaka, mai yiwuwa an tabbatar da hukuncin, mai yiwuwa an rushe shi ko an ce a sake shari'a, kuma hukuncin ƙarshe shi ne mai aiki. Ɗaukaka ƙarar ma alheri ce gare ka ta wata fuska, domin duk ƙarar da aka ɗaukaka sai an buga bayananta an tura sama, ka ga akwai kwafi na biyu a wata rajistar ko da littafin asali ya lalace. Rikicin mallakar gona yakan bi ta Ofa Eriya zuwa Babbar Kotu. Idan kuwa asalinsa rabon gādo ne, ko kyauta, ko wasiyya, hanyarsa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ce. A nan ka sa Bauchi a lissafi. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Gombe daga jihar Bauchi, don haka a 1993 shugabancin kotunanmu duka a Bauchi yake. In an nema a Gombe ba a samu fayil ɗin ɗaukaka ƙara ba, kada ka yanke ƙauna sai ka tambaya a can. Wanda ya wuce har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a wancan zamani kuwa, Jos aka kai shi. Idan ka je Bauchi kada sunaye su ruɗe ka: tun 2001 kotunan yankinsu suka koma Kotunan Shari'a, mu a Gombe muka ci gaba da kiran namu da tsohon suna.

In ka ga sati ya zama wata, ana ce maka mai makullin sito ba ya nan, kada ka yi faɗa da kowa. Kotunan yanki suna da sufetoci masu duba aikinsu, kuma a samansu akwai Babban Rajistara a hedikwatar shari'a ta jiha. Rubuta masa takarda cikin ladabi, ka haɗa da kwafin nan mai hatimin karɓa. Sau da yawa jin cewa takarda ta hau sama ya isa a ga makulli.

Yana yiwuwa kuma a duba da gaske a rasa. Ruwa ya ci wasu littattafan, gara ta ci wasu, wasu sun salwanta a wajen ƙaura daga gini zuwa gini. In haka ta faru ka nemi rajistara ya ba ka a rubuce cewa an bincika shekaru kaza ba a samu ba, ko an samu lambar a rajista amma littafin shari'ar ya lalace. Layin nan ɗaya na rajistar ƙararraki ma a tabbatar maka da shi, yana nuna an yi shari'ar. Daga nan sai ka koma ga abin da ke hannunku: shekara talatin kuna noma gonar a gaban idonsu ba wanda ya ce uffan. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi ana kiran wannan hauzi, wato dogon riƙon da ke kashe da'awar wanda yana gani ya yi shiru, kuma tsakanin waɗanda ba dangi ba shekara 10 ne, muddin ba aro ko jingina ko haya aka ba ku ba. Wannan magana ce da za ka zauna da lauya ko malamin da ya san shari'a a kanta, tare da dattawan da suka ga zagayen iyaka tun suna da rai. Masu neman abin da ya girmi 1968 kuwa, lokacin da kotunan alƙalai ke hannun En'e, wasu takardun Lardin Bauchi suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, kuma tsofaffin bayanan alƙalai da yawa da Larabci ko ajami aka rubuta su.

Bari in ɗan ratse saboda wanda aka yi wa hukunci kwanan nan yake karanta wannan. Sashe na 294 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa manyan kotuna su ba ɓangarori kwafin hukunci cikin kwana 7 da yanke shi. Ka nema tun tawada ba ta bushe ba. In kuma ɗaukaka ƙara za ka yi, kada ka zauna jiran kwafi lokaci ya ƙure: daga kotun yanki kwana 30 ne, daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata 3 ne a hukuncin ƙarshe, kwana 14 a hukuncin tsakiyar shari'a. Shigar da takardar ɗaukakawa tukuna, kwafi ya biyo baya.

Kai kuma ɗana, ka je da sassafe kafin alƙali ya zauna, domin da zarar an fara kiran ƙara rajistara ba naka ba ne. Ka kauce wa Juma'a. Ka biya a tabbatar maka da kwafi biyu, domin wanda ka miƙa wa kotu ya zama nata, ba zai dawo hannunka da wuri ba. Ka ɗauki hoton kowane shafi a waya ka tura wa 'yan'uwanka, na biyun kuma a sa shi a leda cikin akwatin ƙarfe, a ɗora a kan wani abu, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ranar da kwafin ya zo hannunka, kafin ka kai shi ko'ina, ka ɗauki jauro da dattijo ɗaya ku je gonar, ka karanta iyakokin da ƙarfi kuna tafe, ku ga wace alama ce take nan, wacce ce ta faɗi, kuma wa ke noma gefen da littafin ya ambaci mahaifinsa.